Hukuncin aron karin waƙar wani da yanko muryarsa

Tambaya: Malam, ni matashi ne a Mai Wurno da ke ƙasar Sudan, ina begen Annabi (SAW) da mandiri. Begen wani sha'iri Basudane ya burge ni, sai na ari karinsa na ɗora baitocina na Hausa. Amshin kuma na yanko shi daga faifansa, na liƙa a nawa da kwamfuta, na saka a YouTube da sunana. Yaƙi ya raba shi da gidansa, ban san inda yake ba. Ina da laifi?

Amsa: Allah Ya ƙara maka ƙaunar Manzo, ɗana. Bin salon wani da hawa ma'aunin waƙarsa ba laifi ba ne. Ahmad Shauƙi, sha'irin Masar, ya bi sawun Burdar Busiri a ma'auni da amsa-amo, malamanmu kuma sun daɗe suna tahamisi, wato ƙara ɗangwaye a kan baitin wani ya zama mai ɗango biyar, amma kowa na faɗin sunan mai asali.

Inda maganarka ta canza shi ne "na yanko". Wannan muryar bawan Allah ce, guminsa ne, kuɗin ɗaukarsa ne, ka sa sunanka a kai. Haƙƙi biyu ke nan: na dukiya da na jingina aiki ga mai shi. Annabi (SAW) ya ce mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafi biyu ne na ƙarya.

Za ka ji masu cewa haƙƙin mallakar fasaha ƙirƙirar Turawa ce, yabon Annabi ba na kowa ba ne, hana shi ɓoye ilimi ne. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Hadisin da ya ce za a sa wa mai ɓoye ilimi linzamin wuta yana kan wanda aka tambaya ya ɓoye, shi kuwa wannan ya fitar da begensa duniya ta ji, me ya ɓoye? Magabatan Hanafiyya ne ba su lissafa amfanin da ake samu daga abu cikin dukiya ba, amma Malikiyya da mafi yawan malamai sun lissafa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta yanke a zamanta na biyar a Kuwait, Disamba 1988, cewa haƙƙin mawallafi abin kiyayewa ne a shari'a, keta shi bai halatta ba. Kuma abin da ke ba ni takaici, masu wannan magana ba sa yarda a taɓa nasu.

Ɓacewarsa ba ta halatta maka komai ba. Mutumin da yaƙi ya kora tun 2023 ya fi kowa buƙatar ɗan abin da muryarsa ke kawowa. Sauke bidiyon yau, ka tara abokanka ku rera amshin da bakinku, ka rubuta sunansa a ƙasa. Idan karin nasa ne na kansa, wanda da an ji za a gane, ka nemi izininsa ta masu begen garinsu. Kuɗin da ya shigo ka ware masa kasonsa ka ajiye amana.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: kada ka ɗora sunan Manzo a kan karin waƙar rawar biki. Baki na salati, zuciyar mai sauraro tana can filin rawa.

Wallahu a'alam.