Tsohuwar fanka za ta ɗauki sabon furosesa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata haɗa bidiyon biki ce a Gusau. Shekara huɗu ke nan ina aiki da kwamfuta mai furosesa (wato ƙwaƙwalwarta) Ryzen 5 2600 a kan madabod B450 (babban allon da kayan kwamfuta ke zama a kai), da 'yar fankar da ta zo a kwalinsa. Yanzu Allah ya hore mini na sayi sabon furosesa, Ryzen 7 5800X, amma da na buɗe kwalin ban ga fanka ba. In mayar da tsohuwar ne, ko sai na sayi mai sanyaya ta ruwa kamar yadda wani abokina ya ce? Kuɗin da ya rage a hannuna ba yawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a sana'a. Da farko ka kwantar da hankalinka, ba wanda ya cuce ka. Tun da kamfanin AMD ya fito da 5800X a ƙarshen 2020, haka yake sayar da shi, ba fanka a kwali.

Tsohuwar taka, wadda ake kira Wraith Stealth, za ta zauna daram, domin furosesan biyu gurbinsu ɗaya ne, AM4. Amma ban ba ka shawarar mayar da ita ba. An yi ta ne don furosesa mai wat 65. Sabon naka wat 105 aka rubuta masa, kuma in ka sa shi fitar da bidiyo, dukan ƙwayoyinsa takwas suna aiki, yakan ja har wat 142. Ba zai ƙone ba. Da zarar ya kai digiri 90 zai rage gudu da kansa. Sai ka zama ka sayi ingarma ka sa masa dabaibayi, ga fanka tana ta kuka a kunnenka.

Ta ruwa kuwa ba dole ba ce. Tana aiki, amma tana da famfo a ciki, ranar da famfon ya mutu sai dai ka sayi wata gaba ɗaya, kwamfutarka na ajiye, amarya na kiran waya tana tambayar bidiyonta. Ta iska ba abin da ke motsi a jikinta sai fanka mai faɗin milimita 120, wadda in ta lalace za ka canza ta ita kaɗai da kuɗi kaɗan.

Abin da nake so ka riƙe shi ne zafin ɗakinka. Mai sanyaya ta iska da iskar ɗaki take aiki, ba ta da wani sanyi nata. Masu gwada waɗannan kaya a ƙasashen waje a ɗaki mai sanyi suke yi. Kai kuwa a watan Afrilu, da azahar, a shago mai rufin kwano, iskar da fankarka za ta shaƙa takan doshi digiri 40. Duk abin da ɗakinka ya fi nasu zafi, kusan haka zai ƙaru a kan furosesanka. Shi ya sa wadda aka ce ta isa a can, a nan da ƙyar take ɗauka.

Don haka ka nemi mai gini biyu, wato jeri biyu na siraran faifan alminiyom, da bututun jan ƙarfe shida da fanka biyu. Thermalright Peerless Assassin 120 SE ita nake yawan ɗaura wa mutane, saboda aikinta ya fi kuɗinta. DeepCool AK620 ma tana da kyau. Noctua NH-D15 ba a magana, amma tsadarta ba ta wanda aljihunsa ya yi sauƙi ba ce. Masu gini ɗaya irin su AK400 da Hyper 212 za su riƙe furosesa mai wat 65 lafiya, amma ga 5800X a zafin Gusau da ƙyar suke ɗauka.

Kafin ka biya ko sisi, ɗauki rula ka auna daga saman furosesa zuwa murfin gefen akwatin kwamfutarka. Peerless Assassin SE tsayinta milimita 155 ne, AK620 160, NH-D15 165. Na sha ganin wanda ya ɗaura, murfi ya ƙi rufuwa, ya bar kwamfuta a buɗe tana cin ƙura. Ka duba RAM ɗinka ma, wato katin memori da ke tsaye kusa da furosesa: in dogo ne mai fitilu, fankar gaba za ta hau kansa, sai an ɗaga ta sama, tsayi ya ƙaru. Ka kuma tabbata akwai ƙarafan ɗaurin AM4 a kwalin.

Ranar aiki, fara sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, tun 2600 yana ciki, in ba haka ba B450 ba lallai ya gane sabon ba. Sannan ka bar kwamfutar ta yi aiki kamar minti goma ta ɗumama, ka kashe, ka kwance sukurori, ka murɗa tsohuwar fankar hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. Na taɓa fizgo wata da sanyi, man sanyaya da ke tsakaninta da furosesa ya bushe kamar siminti, furosesan ya biyo ta, ƙafafunsa uku suka lanƙwashe. Da reza da fitilar waya na miƙe su, hannuna na rawa, mai kaya yana tsaye a kaina. Kada ka jefar da farantin ƙarfen da ke bayan madabod, sabuwar a kansa za ta ɗauru. Ɓare ledar da ke manne a gindin sabuwar, ɗiga man sanyaya kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan. Iska ta riƙa shiga ta gaba tana fita ta bayan akwati.

Bayan haka in ka ga digiri 80 da ɗoriya lokacin fitar da bidiyo, kada ka tsorata, 5800X dama mai zafin jiki ne. In hunturu ya shigo da hazonsa, duk wata ka buɗe ka busa ƙurar da ta toshe tsakanin faifan, ka riƙe fankar da yatsa kada iskar bulowa ta juya ta.