Gwaibata ta kusa taɓa wayar wuta, in sare ta ko akwai wata dabara?

Tambaya daga wata baiwar Allah a wani ƙauye kusa da Ringim: Assalamu alaikum Malam. Ina da bishiyar gwaiba a tsakar gida, shekararta uku, tsawo kawai take yi har ta wuce katanga ta doshi wayar wuta, 'ya'yan kuma can sama suke sai tsuntsaye da yaran maƙota ke moran su. Maigidan yace sare ta zai yi. Ɗana ya nuna min bidiyo a waya inda ake lanƙwasa reshen shuka a ɗaure shi da zare wai don kar ta yi tsawo. Dan Allah hakan zai yi a gwaiba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Zai yi, gwaiba ma tana cikin itatuwan da suka fi karɓar wannan aikin, don haka ki roƙi maigida ya ajiye gatarin tukunna. Amma ba zan ɓoye miki ba, bishiya mai shekara uku lanƙwasawa kaɗai ba zata ishe ta ba, sai an haɗa da datsa sau ɗaya.

Bari ki ji dalilin da yasa abin yake aiki, in kin gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Kan kowane reshe, wato can ƙarshe inda sabon ganye ke fitowa, yana samar da wani sinadari da masana ke kira oksin, shi kuma yana gangarowa ƙasa ta cikin reshen yana hana idanun da ke gefe su tofo. Shi yasa reshen da ya miƙe tsaye yake ta gudu sama shi kaɗai, ƙasansa fayau ba ko reshe. Da zarar kin kwantar da shi sai ƙarfin kan ya ragu, idanun da suke barci a jikinsa su farka, ki ga ƙananan rassa sun jeru a bayansa. To a nan ribar take, domin gwaiba a jikin sabon toho take fure, a hammatar ganye, ba a tsohon ice ba. Kinga kenan reshe ɗaya da ada yake ba ki 'ya'ya a can ƙololuwa yanzu ya zama rassa da yawa masu fure a inda hannunki zai kai. Manoman gwaiba a jihar Bengal ta Yamma a Indiya sun daɗe suna yin haka da gangan don su samu 'ya'ya a lokacin da babu su a kasuwa, masu gonar tuffa a Turai ma suna kwantar da rassa don itacen ya yi saurin haihuwa.

Yanzu ga taki bishiyar. Uwar jikin nan da ta yi kauri ba mai lanƙwasa ta, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in aka matsa tsagewa zata yi. Abinda za a yi shine bayan kin gama cire 'ya'yan da ke kai, a samu zarto mai kaifi a datse babban reshen tsakiya daidai tsayin kan mutum ko ƙasa kaɗan, a yanka a karkace yadda ruwan sama ba zai zauna a wurin ba. Kar a yi da adda ana sara ana tsaga ɓawo. Gwaiba tana da juriya sosai, ko an yi mata yanka mai yawa tana dawowa, sai dai ki sa a ranki cewa 'ya'yan zagaye na gaba zasu ragu, na bayansa ne zaki ji daɗi.

Maganar wayar wuta kuwa ina roƙonki da Allah a kula. In reshen ya riga ya taɓa waya ko ya kusa, kar yaro ya hau, kar kuma a ce ai an ɗauke wuta bari a yi sauri, ba wanda ya san lokacin da za a dawo da ita, wutar lantarki kuma tana bi ta jikin ɗanyen ice ta kama mutum. A kira ma'aikatan wuta su tsaya a kai.

Bayan datsa sai ki zaɓi rassa uku ko huɗu masu lafiya waɗanda suka kalli kusurwa daban daban, ɗaya gabas ɗaya yamma haka dai, masu kaurin yatsa ko babban yatsa, waɗanda in kin ja su suna biyo ki. Ki kafa turke a ƙasa a ƙarƙashin kowanne, ko ki ɗaura igiyar a dutse ko bulo mai nauyi. Wurin da igiya zata zauna a jikin reshe ki naɗa tsumma ko yankin tsohon tub na keke, kuma ɗaurin ya zama sakwa-sakwa yadda yatsa zai shiga, saboda reshen zai ci gaba da kauri, siririyar waya ko zaren buhu in aka ɗaure tamau shiga naman icen suke su shaƙe shi har ya bushe daga nan zuwa sama. Ki riƙe gindin reshen da hannu ɗaya ki ja da ɗayan a hankali, kar mahaɗarsa da uwar jiki ta ɗauki nauyin don nan ne yake tsagewa. Da la'asar ya fi, lokacin rana ta ɗan lausasa shi, da sassafe a cike yake da ruwa yana saurin karyewa. In ya ƙi zuwa inda kike so rana ɗaya ki barshi a rabi, bayan mako ki ƙara ja.

Wurin da mutane suka fi ɓata aikin shine yawan kwantarwa. Kar ki ja kan reshe har ya kalli ƙasa ya zama baka. In kika yi haka sai wani toho mai ƙarfi ya ɓullo a saman lanƙwasar ya miƙe sama da gudu, kin koma gidan jiya, kan reshen kuma ya raunana. Ki barshi a ɗan ɗage, tsakanin tsaye da kwance amma ya fi kusa da kwance, kansa na ɗan kallon sama. Ko da hakan ma wasu tohon zasu so su miƙe, duk wanda kika ga ya fi 'yan uwansa gudu in ya kai kamar kamu ɗaya da rabi ki tsinke kansa da farce, shikenan zai rabu ya yi rassa. Daga fure zuwa nuna kuma ki lissafa wata huɗu zuwa biyar.

Lokacin da nafi so a yi shine farkon damina, wajen watan Yuni in ruwa ya zauna, don itacen na cikin ƙarfinsa. A guji tsakiyar bazara, Maris zuwa Mayu, reshen da aka kwantar bayansa na fuskantar rana kai tsaye, zafin Jigawa kuma zai iya ƙona ɓawon, balle an rage ganyen da ke masa inuwa. Ki tabbata turakun sun kafu sosai saboda iskar farkon damina ba wasa take ba. Bayan wata biyu zuwa uku ki sassauta igiya ɗaya ki gani, in reshen ya tsaya a inda yake ya riga ya saba sai ki kwance, in ya tashi ki mayar. Wanda ya ɗan tsage kuma bai rabu ba a haɗe shi a naɗe da roba, sau da yawa yana warkewa.

Ki rage takin zamani musamman yuriya, ita ke sa ganye da tsawo ba 'ya'ya, takin gida da ya ruɓe ya ishe ta. Sannan in kina da awaki ki tuna kin sauko musu da ganye kusa, akuya na tsayawa da ƙafar baya ta kamo reshe har ta ɓare ɓawo, sai an kewaye gindin da ƙaya ko waya.

In kina da zogale ko mangwaro a gidan kar ki ce zaki yi musu haka. Zogale icensa ba ƙwari, ɓallewa yake, shi datse shi ake daidai ƙugu ya tofo da yawa. Mangwaro kuma a ƙarshen reshe yake fure, abinda ya fi masa shine a riƙa tsinke kan rassansa tun yana ƙarami bayan kowane sabon toho ya ƙosa. Lemun tsami da rumman suna karɓar lanƙwasa, sai dai ki sa safar hannu saboda ƙaya.