Jizan zuwa Yanbu: mangwaronka ya bi ƙasa, kai ka hau jirgi

Wani ɗan'uwa da ke sana'ar mangwaro a Jizan, kudancin Saudiyya, ya aiko min da tambaya. Ya samu masu shaguna a Yanbu da ke son ya riƙa kai musu kaya a lokacin kaka. Ya duba a intanet ya ga tsakanin filayen jirgin garuruwan biyu kilomita 930 ne da 'yan kai, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Shi ne yake son sanin ko ya riƙa ɗauko katan-katan ɗinsa ya hau jirgi da su.

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Lissafin da ka gani daidai ne, amma na tsuntsu ne, wanda zai tashi Jizan ya miƙe arewa bai tsaya ko'ina ba. Ƙananan filaye irin waɗannan ba kasafai ake haɗa su kai tsaye ba, yawanci sai an sauke ka a Jidda ko Riyad ka canza jirgi. In ta Riyad aka bi da kai, ka ci kilomita sama da 1,800, ninki biyu ke nan. Ƙara da awa biyun da za ka riga jirgi isa fili, da zaman jira a tsakani wanda kan cinye rabin yini, da tsayuwar jiran kaya a bakin bel. Sai ka fita bayan asuba ka shiga Yanbu da la'asar.

Ni abin da ya fi damuna ma ba lokacin ba ne, nauyin ne. Tikitin talaka yawanci jaka ɗaya ce ta kilo 23, kamfanoni masu araha kuwa sai ka sayi nauyin daban. A ce, don misali, zuwa da dawowa ya tsaya maka riyal 700. Raba shi a kan kilo 23, kowane kilo ya ɗauki riyal 30 kafin ka sa kuɗin saye da na katan. Wane mai shago ne zai karɓa a haka? Ga jifa da ake yi da kaya wurin lodi. Mangwaron da ya nuna, in katan ya faɗa kansa sau ɗaya, washegari za ka buɗe ka ga baƙin tabo a gefensa, ruwa ya jiƙa gindin kwali, mai saye ya fara neman ragi.

Nemi mai motar sanyi, wadda a nan ake ce wa barrada, ku haɗa lodi da wasu 'yan kasuwa. Hanyar gabar teku daga Jizan zuwa Jidda kusan kilomita 700 ce, daga Jidda zuwa Yanbu kuma 330 ko kusa da haka. In ta tashi bayan isha'i, kafin azahar kaya na ƙofar shago. A tsinko shi da ɗan sauran ƙarfi, kada a jira ya yi laushi.

Kai kuwa ka je da kanka a karon farko, domin bashi ba ya son wanda ba a san fuskarsa ba. Hau jirgi zuwa Jidda kawai, ka kama mota zuwa Yanbu, awa uku da 'yan mintuna. Ku yi ciniki, ku rubuta ranar biya, ka karɓi rabin kuɗin lodin farko a hannu kafin ka juyo.