Kafin mai gidanka ya zauna gaban makirfo

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce gidan rediyo ya gayyaci mai gidanka hira kan kamfaninsa, ya ɗora maka nauyin shirya shi, kana tambaya ko a al'adar aikin jarida ana neman a turo tambayoyin tun da wuri.

Ku tambayi batun da za a tattauna, da minti nawa ne, da ko kai tsaye ne ko naɗa za a yi. Wannan ba ɗan jaridar da zai ga laifinku. Amma jerin tambayoyi, manyan kafafe ba kasafai suke bayarwa ba. Ko an ba ku ma kada ku saki jiki, don daga bakin mai amsa ake tsintar tambaya ta gaba.

Kai ne za ka zame masa ɗan jarida tukuna. Ka zaunar da shi, ka kunna waya tana ɗauka, ka jefa masa abin da ya fi gudu: ma'aikatan da aka sallama, bashin banki, kayan da masu saye suka dawo da su. Kunyar mai gida ka bar ta a bakin ƙofa. Sannan ku saurara tare, ya ji da kunnensa irin kwana-kwanar da yake yi, alhali jimla ɗaya ko biyu za a yanko a labarai.

Kuma ba shi ke zaɓen jimlar ba. A 2010, bayan dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a mashigin tekun Meksiko, ma'aikata 11 suka mutu, shugaban BP, kamfanin man da ke da alhakin haƙar, Tony Hayward, ya ba da haƙuri gaban kyamara, sai ya ƙara da cewa shi ma yana so ya koma rayuwarsa ta da. Wannan ƙarin duniya ta riƙe. Shekarar ba ta ƙare ba sai da ya bar kujerar.

Sai zancen "wannan tsakaninmu ne". Kafin a faɗi magana ake ƙulla wannan yarjejeniya, ɗan jaridar ya amsa da bakinsa. In ta riga ta fita, ta zama tasa. Hirar raha bayan an gama ma haka, sau da yawa makirfo bai mutu ba.

In an tambaye shi adadin da bai tabbatar ba, ya ce zai duba ya aiko, kai kuma ka tabbata an aika a ranar. In magana tana kotu, ya faɗi hakan a fili, don "ba zan ce komai ba" a kunnen mai sauraro kamar amsa laifi ne.

Ka gaida mahaifiyarka.