Ya ƙi tashi da jirgi saboda na'ura ta lalace, maigida ya riƙe albashinsa

Tambaya: Barista, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim nake rubuto maka. Ƙanina matuƙin jirgin sama ne, yana tuƙa ƙaramin jirgin wani attajiri ɗan garinmu, wanda shi ya ɗauki nauyin karatunsa a Zariya. A daminar nan Alhaji ya so a kai shi Abuja daga Dutse da yamma, ga hadari ya haɗo. Ƙanina ya ce radar hango hadari ba ta aiki, ba zai tashi ba. Alhaji ya kira shi butulu, ya riƙe albashinsa na wata biyu, ya ce sai ya biya shi kuɗin karatu. Dattawa sun ce ya je ya ba da haƙuri. Ina matsayinsa a doka?

Amsa: Malam, jirgi na Alhaji ne, amma tashi ko fasa tashi magana ce ta kyaftin, wato matuƙin da ke jagorantar jirgin. Haka ƙa'idojin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, suka tanada, haka ma dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, da ke aiki ƙarƙashin dokar sufurin jiragen sama ta 2022. Kafin kowane tashi, wajibi ne kyaftin ya gamsu cewa jirgin lafiyarsa ƙalau kuma na'urorin da tafiyar ke buƙata suna aiki. Da ya tashi aka sami matsala, lasisinsa za a fara taɓawa, kuma "maigida ne ya matsa mini" ba hujja ba ce a gaban hukuma.

Sai dai ba kowace lalacewa ke zaunar da jirgi ba, kuma ta nan lauyan Alhaji zai ɓullo. Akwai kundin da matuƙa ke kira MEL, wanda ya lissafa na'urorin da za a iya tashi ba su aiki, da sharuɗɗan yin hakan. Gyara yana da wa'adi, gwargwadon rukunin da kundin ya sa kowace na'ura: rukunin B kwana 3, rukunin C kwana 10, rukunin D kwana 120, ba a lissafa ranar da aka gano matsalar. Rukunin A kuwa wa'adinsa na rubuce a gefen kowace na'ura. Ita radar, galibin kundayen suna yarda a tashi ba ita, da sharaɗin babu hasashen tsawa da hadari a hanya. Ke nan radar da za a iya haƙura da ita da safiyar hunturu, ita ce ke hana tashi da yammacin Agusta. Ƙaninka ya nemo shafin da ya yi maganar radar a kundin jirginsu, ya haɗa da rahoton hukumar hasashen yanayi ta NiMet na ranar.

Tambayar da ta fi damuna ita ce: ya rubuta lalacewar a littafin fasaha na jirgin, inda ake rubuta matsaloli da gyare-gyarensa? Idan ya rubuta, da kwanan wata da sa hannu, to ba mai tashi da jirgin sai injiniya mai lasisi ya gyara ya sa hannu, ko ya jinkirta gyaran bisa MEL, a manna alama a jikin na'urar cewa ba ta aiki. Idan kuwa da baki kawai ya gaya wa Alhaji a gindin jirgi, shari'ar ta zama ni na ce, kai ka ce. Matuƙan jiragen attajirai da yawa suna kauce wa rubutu don kada ran maigida ya ɓaci, rubutun kuwa shi ne garkuwarsu. In bai rubuta ba, ya aika wa injiniyan da manajan jirgin saƙo yau, ya bayyana abin da ya gani da ranar da ya gani. Kada ya kuskura ya koma ya cike littafin da tsohon kwanan wata, wannan laifi ne mai zaman kansa.

Ya kuma duba rajistar jirgin. Mai lambar 5N na Najeriya ne. Idan lambar ta fara da N ta Amurka ce, T7 kuwa ta San Marino, kuma hukumar ƙasar da aka yi wa jirgi rajista ita ke da alhakin lafiyarsa, ko da a Kano yake kwana.

Batun albashi yana hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, bisa sashe na 254C na kundin tsarin mulki, kuma tana zama a Kano. Dokar ƙwadago ta cire ma'aikatan jirgin sama daga ma'anar "ma'aikaci" a sashenta na 91, saboda haka takardar ɗaukar aiki ce madogararsa. In babu takarda, shaidar shigar albashi a banki da littafin sa'o'in tashinsa za su nuna akwai aiki tsakaninsu. Albashin watannin da ya yi aiki haƙƙinsa ne. Amma kada ya sa rai kotu za ta tilasta wa Alhaji ci gaba da riƙe shi. A aikin mai zaman kansa, kuɗin madadin sanarwar sallama da diyya aka fi samu.

Kuɗin karatu kuwa, idan akwai yarjejeniyar cewa zai yi aiki na wasu shekaru ko ya biya, kotu na iya tabbatar da ita muddin ba a wuce gona da iri ba, kuma yana da damar neman a rage masa gwargwadon shekarun da ya riga ya yi. Idan taimako ne aka yi don Allah da zumunci, zai yi wuya a mai da shi bashi ranar da aka ɓata.

Ban ƙi shawarar dattawa ba. Ya je ya gaida Alhaji da ladabi, ku raka shi. Abin da ba zai yi ba shi ne sa hannu a takardar da ke cewa ya yi kuskure ko ya ƙi aiki, domin ita za a ɗauko gobe a kore shi ba ko sisi. A zaman sulhun, wani mai hankali ya tuna wa Alhaji cewa kamfanin inshora na iya ƙin biya idan jirgi ya yi haɗari bayan an tashi da shi saɓanin ƙa'ida. Wannan ta fi shiga kunnen ɗan kasuwa. Idan sulhu ya ci tura, lauya ya rubuta takardar neman albashi da wa'adin kwana 14, a sanar da ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE in shi mamba ne, sannan a shigar da ƙara. Idan kuma ya sami labarin an kawo wani matuƙin ya tashi da jirgin ba a gyara radar ba, ya kai rahoto NCAA a rubuce ba tare da jiran ƙarshen sulhu ba.