Ɗana ya iya rabawa amma yana faɗuwa a lissafin kashi cikin ɗari

Tambaya: Malam, ɗana yana aji biyu a ƙaramar sakandare, kuma hankalina ya tashi saboda baɗi zai zauna jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare. An tambaye shi cewa an sayi buhun masara naira 40,000 an sayar 50,000, ribar kashi nawa ce cikin ɗari, sai ya rubuta 80. Ya ce malamin da ke koya masa a gida ya gaya masa kullum a ɗora ƙaramar lamba a kan babba, a ninka da 100. Ina gyaran yake?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, domin yaron bai kuskure a rabawa ba. Abin da ba a koya masa ba shi ne ya fara tambayar kansa: kashi nawa na me? Ita riba da uwar kuɗi ake auna ta. Ribar a nan 10,000 ce, uwar kuɗin kuwa 40,000, saboda haka 10,000 bisa 40,000 daidai yake da lambar da ake nema bisa 100. Idan ya ninka 10,000 da 100 ya raba da 40,000, zai samu 25.

Wannan magana ta "ƙarama a sama, babba a ƙasa" ita ce cutar da nake fama da ita a aji kusan kullum, kuma raina yana ɓaci da masu sayar da ita ga iyaye da sunan hanya mai sauƙi. Ba ƙa'ida ba ce. Tana dacewa ne kawai a tambayoyi irin na ɗalibin da ya ci maki 18 cikin 24, inda jimla ta zama ita ce babbar lamba, sai yaro ya ga ya ci, ya ɗauka ya gane. Ranar da aka ce masa kwanon shinkafa ya tashi daga naira 1,500 zuwa 4,500, zai rubuta 33, alhali ƙarin 3,000 ne a kan 1,500, wato kashi 200 cikin ɗari. Mafi muni ma, na sha ganin yaro ya samo 200 da guminsa sannan ya goge, don an cusa masa cewa kashi ba ya wuce ɗari. Daga nan kuma yake yarda cewa abin da ya ƙaru da kashi 25, in an rage masa kashi 25 zai koma yadda yake, alhali idan aka cire kashi 25 daga 50,000, abin da ya saura 37,500 ne, ba 40,000 ba, tunda ma'aunin ya canja.

Ki zaunar da shi da yamma ki ba shi tambayoyi biyar, amma kada ya lissafa ko ɗaya. Ya ja layi kawai a ƙarƙashin adadin da ke matsayin ɗari bisa ɗari, ya faɗa miki dalilinsa da bakinsa. Malamin gidan kuma ki ba shi tambayar kwanon shinkafar nan a gabanki, ki ji amsar da zai bayar kafin ki biya shi kuɗin wata mai zuwa.