Bizines kilas daga Addis Ababa zuwa Guangzhou

Malam, kana tambaya ko bizines kilas, wato sashen manyan kujeru a jirgin sama, daga Addis Ababa zuwa Guangzhou ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Ya cancanta. Tafiyar kusan awa 10 ce kuma cikin dare, kujerar tana miƙewa ta zama gado, ka sauka garau ka wuce kasuwa. Galibi jaka biyu ake ba ka masu kilo 32, maimakon kilo 23 na ƙaramar kujera.

Sai dai ka duba taswirar kujerun kafin ka biya. Inda aka jera su biyu-biyu-biyu, ɗauki ta tsakiya, don na bakin taga sai ya tsallake ƙafafun maƙwabcinsa mai barci kafin ya je banɗaki. Tsofaffin kujeru kuma a karkace suke kwanciya, kana barci kana zamewa, ga bel yana shaƙe maka ciki.